Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Tarago a Ngaundare

Sati uku ke nan da dawowarmu daga Ngaundare, kuma har yau ban samu sakat ba. A ƙofar masallaci tambaya, a majalisarmu ta gindin dalbejiya a Karewa tambaya, har mai sayar mini da dalma a kasuwar Jimeta sai da ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam Buba, wai wa ya yi gaskiya ne?" Ni kuwa sai in cika musu kunne da labarin hanya da na abinci, in sulale. In sun je wurin Ba Kyari, abokin tafiyata, sai ya ce musu, "Ku tambayi Malam, shi ya ji yarensu." Na gaji da ɓuya. Ga labarin nan tun daga tushe, mai dariya ya yi.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin na yi ina koyar da aikin hannu a sakandare, kuma fiye da rabinsu ina ƙera ƙananan jiragen ƙasa. Kowa ya san Yola ba ta da layin dogo. Ni kaina sau biyu na taɓa hango jirgi, daga nesa, ta tagar mota. Sauran duk daga hotunan littafi na koya. Gwangwanin madara nake yankawa in yi jikin tarago, falanki in yi ƙasansa, injin tsohuwar rediyo mai kaset ya ja kan jirgin. Sirrin aikin awo ne: in ka rage ƙofa sau arba'in, to taga ma sau arba'in, ƙafa ma haka. Taragu goma sha takwas na yi, da fenti da kujeru har da labule, suna zagaya dogon da na shimfiɗa a kan tebur kamar faifai. Duk Jimeta in an ce Mai Jirgi, ni ake nufi, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana mini daɗi.

Shekarar da masu tayar da ƙayar baya suka watsa garuruwan da ke arewa da mu, mutane suka yi ta kwararowa Jimeta a ƙafa, Ba Kyari yana cikinsu. Dattijo ne Babarbare, ya samu ɗaki a Luggere yana wankin hula. Ashe tsohon mai gyaran taragu ne a Maiduguri. Wani mai neman fitina ya kawo shi gidana ya ga jirgina. Bai dubi fenti ba, bai dubi labule ba. Durƙusawa ya yi, ya kwantar da kunci a kan tebur yana leƙen ƙasa.

"Malam, aiki ya yi kyau," ya ce. "Amma leɓen ƙafa naka a waje yake. Na jirgi a ciki ne."

Leɓe shi ne ɗan tudun da ke gefen ƙafar jirgi, wanda ke hana ta zamewa daga kan dogo. A hoto ƙarafa sun rufe wurin, don haka ni da hankalina na yanke cewa ta waje yake kama dogo, yadda murfi ke kama bakin gwangwani. Na ce masa shekara da shekaru jirgina yana tafiya bai faɗi ba. Ya ce, "Ka yi mararraba, inda dogo ke rabuwa biyu, ka gani." Ban yi ba. Shi ya yi. Da tarkacen ƙarfe ya haɗa tarago ƙwaya ɗaya, mummuna, ko fenti babu, da 'yar mararrabarsa. Yana turawa sai ya bi hagu ko dama yadda aka so. Ba a daɗe ba na fara jin ana cewa Mai Jirgi na Luggere. Ranar da na fara jin haka ko tuwo ban iya ci ba.

Shekaru muka kwashe muna wannan ja-in-ja. Rannan a majalisa wani ya ciro waya zai nuna mini hoto, na ce ni ban yarda da hoto ba. Aka kwashe da dariya, tun da kowa ya san da hoto na ƙera komai. Zuciya ta ɗebe ni na ce mu je inda jirgi yake mu duba. In leɓe a ciki yake, zan faɗa da bakina a gaban kowa, in kwance ƙafafun taraguna sha takwas ɗin in sake. Aka ce Gombe ta fi kusa. Na ce a'a, Ngaundare ta Kamaru, can jirgi ke shiga kullum. Gaskiyar magana ita ce a Gombe Ba Kyari yana da tsofaffin abokan aiki. A Ngaundare kuwa Fillanci ake yi da Faransanci, shi kuma Fillancinsa bai wuce gaisuwa ba. Na so in kai shi inda sai da bakina zai sha ruwa.

Muka tashi da safe daga Yola Gari, kowa da akwatinsa. Ni na ɗauki kan jirgi da tarago mafi kyau, shi ya ƙunshe mummunan nasa a tsumma.

Bayan Fufore muka iso shingen sojoji. Aka ce kowa ya sauko ya buɗe kayansa. Ni da nake zaton za a yaba, na buɗe akwati da alfahari. Sojan ya leƙa, ya ga gwangwani, ya ga batir, ya ga waya ja da baƙa. Tsalle ɗaya ya yi baya.

"Kada ka motsa! Hannu sama, Baba!"

Kafin in buɗe baki fasinjoji sun watse cikin gonar dawa, wata mata har ta bar takalminta. Ban ga laifinsu ba, duk wanda ya zauna a jihar nan a shekarun nan ya san abin da waya da batir cikin gwangwani ke nufi. Aka zaunar da ni a ƙasa cikin rana, hannu a ka, ni da na koyar da manyan mutane. Ba Kyari ne ya matso a hankali ya ce, "Ɗana, abin wasa ne, bari in nuna maka nawa." Sojan ya ji harshensa ya tambaye shi garinsu. Ashe sojan ya yi aiki a can, har ya san kasuwarsu. Nan take fuska ta sake. Ba Kyari ya shimfiɗa mararrabarsa a gefen titi, ya tura taragonsa hagu, ya dawo ya tura dama. Sojoji uku suka taru suna ɗaukarsa a waya.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Ni da Malam ne," in ji shi, yana nuna ni.

Ƙarya ce, ko ƙusa ɗaya ban sa ba. Ya faɗa ne don a tashe ni daga ƙasa, kuma aka tashe ni. Ya kamata in gode, amma haushi na ji. An ɗauki nasa a waya, nawa kuwa aka cire masa batir aka ba direba ya riƙe.

A Gurin aka duba takardunmu, muka gangara Kogin Faro. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika, sai da kwalekwale. Mai fito ya dubi furfurar Ba Kyari ya ce, "Bappa, zauna nan tsakiya," ya ba shi busasshen katako. Ni aka tura ni ƙarshe tare da buhunan albasa da akuya biyu. Shekara huɗu kacal ya ba ni, amma shi gemunsa ya yi fari fat, nawa kuwa ya ƙi. Na sauka wandona sharkaf.

Daga ƙetaren ne na fara numfashi. Jandarman Kamaru ya yi mana Faransanci, na mayar masa da Fillanci, ya yi murmushi muka gaisa kamar 'yan gida ɗaya. Ba Kyari ya tsaya yana kallon bakunanmu. Ni na yi cinikin babur, ni na tambayi hanya, ni na ce a kawo ruwa. Allah ya yafe mini, rabona da jin daɗi irin na yinin nan na manta.

A Ngong muka kwana, a wani masauki mai ɗakuna jere, kowanne da bokitinsa. Da safe aka kawo mana wani burodi dogo kamar sanda, mai taurin tsiya, an tsaga cikinsa an zuba wake da mai, ga ƙosai a gefe. Mu a gida burodi da shayi muka sani, su kuwa sun mai da shi kwano. Na kusa barin haƙorina a ciki. Ba Kyari ya jiƙa nasa a shayi ya cinye abinsa lafiya lau. Tasharsu ma daban take. Mu nan mota na tsayawa sai kokawa, mai ƙarfi ya samu gaba. Su can sai an rubuta sunanka, ku tsaya a waje, a riƙa kira ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan makaranta. Abin ya burge ni har zuwa lokacin da aka kira Kyari farko ya shige kusa da direba, ni kuma aka kira ni na kusan ƙarshe, na zauna a kan taya. Ni na rubuta sunayen da hannuna, na sa nasa a sama don ladabi.

Kafin a shiga Ngaundare akwai wani hawan dutse mai kwana-kwana, motar tana nishi muna salati. Muna kaiwa sama sanyi ya tarbe mu. Muka sauka a gidan Adda Dudu, 'yar yayan mahaifiyata, wadda aure ya kai ta can tun ina saurayi. Ta rungume ni da murna. Amma da na gaya mata baƙon daga Barno yake, kuma a ƙafa ya fito daga garinsu, sai ta manta da ni. Ta sa aka yanka kaza. Cinya biyu da ƙundu suka tafi kwanonsa, ni ɗan gida na tashi da wuya da fiffike. Na ƙirga, ban ji kunyar faɗa ba. Da muka gaya mata abin da ya kawo mu ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce maƙwabcinta Baba Jozef ai a ƙarƙashin taragu ya tsufa.

Washegari da hantsi Baba Jozef ya zo. Gajere ne, Kirista, ya yi ritaya, hannunsa yana ɗan rawa, riƙe da wata guduma mai doguwar ƙota. Ya yi wa mai gadi magana aka bar mu muka shiga wani gefe na tasha inda tsofaffin taragu ke ajiye. Ban taɓa sanin tarago yana da girma haka ba. Ƙafarsa kaɗai ta kusa kai mini ƙugu.

Ba Kyari bai je wurin taragun ba tukuna. Tsakanin dogayen biyu ya tsaya, ya auna da tafin ƙafarsa, ya ƙarasa da yatsu.

"Malam, gaya masa dogo nasu ya fi namu matsewa. Kamar yatsa huɗu."

Na faɗa da Fillanci, ina fatan a ce ya yi kuskure. Baba Jozef ya buɗe baki, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce haka ne. Daga nan ya daina kallona.

Ni dai na san abin da ya kawo ni. Na naɗe riga, na rarrafa ƙarƙashin tarago na farko. Ga shi nan. Leɓe a ciki, ya goge yana ƙyalli, dama da hagu, ƙafafun biyu a manne da sanda ɗaya. Na fito na shiga ƙarƙashin na biyu. Na shiga na uku da na huɗu, ko Allah zai sa a samu guda ɗaya da aka yi irin nawa. Babu. Na kwanta a kan tsakuwa ina kallon ƙarfe, ina lissafin shekarun da na yi ina nuna wa ɗalibai abu a juye, suna rubutawa a littafi. Da na fito baƙin mai ya ɓata mini babbar riga. Ba Kyari ya ga fuskata, ya kau da kai ya dubi wani wuri.

Muka zauna a inuwar tarago muka buɗe kayanmu. Baba Jozef ya ɗauki nawa, ya leƙa ta taga, ya taɓa labulen, ya yi murmushi. Sannan ya kifa shi.

"Ɗaki ne mai kyau," ya ce. "Amma kai daga rufi ka fara. Tarago daga ƙasa ake gina shi. Ƙafafu tukuna, a kan kujerar ƙarfen da ke riƙe su, wadda za ta juya in an zo kwana. Sai shasi, sai birki da ƙugiya. Jiki da fenti su ne na ƙarshe, kowa ma zai iya."

Wannan ban fassara ba, kuma Ba Kyari bai tambaya ba. Sai Baba Jozef ya ɗauki mummunan. Ya juya ƙafafun, ya ga kujerar tana bin hannunsa, ya ɗora shi a mararraba ya tura. Sai ya fara magana, ya yi ta yi, yana nuna Ba Kyari da yatsa. Ya daɗe. Da ya gama Ba Kyari ya juyo gare ni.

"Me ya ce, Malam?"

"Ya ce ba laifi."

Ya dube ni kaɗan, ya gyaɗa kai. Ƙyashi ne ya shaƙe ni, ba wani abu ba, kuma ina faɗa na san abin da na yi.

Bai ma amfane ni da komai ba. Baba Jozef ya ja shi zuwa inda aka jera tsofaffin ƙafafu, ya miƙa masa gudumar. Ashe da kunne suke aikin. Ana buga ƙafa, in lafiyayya ce sai ta yi ƙara mai tsawo, in ta tsage sai ƙarar ta mutu nan take. Ni duk ɗaya na ji su. Ba Kyari ya bi layi yana bugawa, kai a karkace. A ta biyar ya tsaya, ya sake bugawa, ya ɗora mata hannu. Baba Jozef ya yi ihu ya rungume shi. Daga nan suka yi gaba abinsu, wannan ya buga wancan ya saurara, suna dariya, suna nune-nune da hannu. Har azahar ba wanda ya waiwayo ya nemi tafinta. Na yi tafiyar kwana biyu don in ga ya zama kurma, ga shi ni aka bari zaune ina gadin akwati.

Kwana biyu muka ƙara. Mun ga jirgin fasinja ya tashi da yamma, ƙasa tana girgiza, mata suna miƙa zuma da ayaba ta taga. An ce in ba ka ci kilishin garin ba ba ka je ba, na ci, na kuma yarda yana da daɗi, ko da yake na Jimeta bai gaza masa ba.

Ranar komawa muna tashar mota, Ba Kyari ya zagaya yin alwala, sai ga Baba Jozef da sauri, riƙe da wani abu a naɗe cikin buhu. Ya ce coci zai wuce, ba zai iya jira ba. Ya danƙa mini.

"Ka ba ɗan'uwana. Hannuna ya daina riƙe ta, 'ya'yana kuma duk 'yan ofis ne. Wurin wanda ya san muryarta ya kamata ta tafi."

Gudumar ce. Na ce to. Na tura ta ƙasan jakata na danne da riguna, ƙotar na rufe da darduma. Ba Kyari ya dawo ya ce, "Kamar Jozef na hango?" Na ce sallama ya zo yi.

Duk tsawon hanyar dawowa, ta Ngong, ta Faro, ta shingen nan inda sojan ya gane shi ya ɗaga masa hannu, ko sau ɗaya bai ambaci leɓe ba. Da ya yi mini gori da na samu abin riƙewa. Muka iso gida, na cusa gudumar a ƙarƙashin gado. In na zauna a teburin jirgina sai in kasa kunna shi. Sati uku ina kwana a kan kayan wani.

Jiya da safe na ɗauke ta na nufi Luggere. Na tarar da shi a ƙofar shago yana ɗora huluna a kan kututture, ga mutum uku suna jiran nasu. Na so su tashi, suka ƙi. Na ajiye buhun a gabansa na ce Jozef ne ya ba ni in ba shi tun a tasha, ni na riƙe.

Ya kwance buhun. Ya daɗe yana shafa ƙotar inda hannu ya cinye ta.

"Irin nawa ne," ya ce. "Nawa yana bayan ƙofa a garinmu. Ranar da muka fita hannu biyu ne da ni, jikoki kuma biyu."

Bai tambaye ni dalilin riƙewa ba. Ya ɗora ta a kan cinya, ya ɗago ido.

"Malam, ranar nan Jozef ya yi magana mai tsawo. Kai ka ba ni kalma biyu. Sauran yana ina?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ban manta ko kalma ɗaya ba, don sati uku suna ci mini rai. Na faɗa masa da Hausa. Jozef ya ce shekara talatin da biyar yana aiki da maƙera, bai ga hannu irin naka ba. Ya ce wanda ya yi wannan da tarkace, ba zane ba ma'auni, tarago a cikin kansa yake zaune. Ya ce da a ƙasarsu kake, da kai za a kawo wa matasa su koya.

Ba Kyari ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana muryarsa ta canza.

"Tun da na zo garin nan, sannu ake ce mini. Sannu Baba, Allah ya mayar da ku gida. An ba ni shinkafa, an ba ni tabarma, na gode. Amma ba wanda ya ce mini na iya wani abu." Ya goge ido da bakin rigarsa. "Malam, kunnena ya tsufa. Sake faɗa, a hankali."

Na gyara tsayuwa a gaban mutanen nan uku, na sake faɗa masa tun daga farko.